Iskar da Likita Ke Jira

Talata, 9 ga Mayu
Jiya aka yanke mini wani sashe na hanji. Yau da safe nas ta ce in tashi in taka. Na ɗauka wasa take. Wai sabon tsari ne: a sha ruwa, a tauna cingam, a zaga baranda, hanji ya farka da wuri, a sallami mutum. Ni da nake korar ɗalibai daga aji saboda cingam.

Laraba, 10 ga Mayu
Surukata ta tare a ɗakin, da dardumarta da carbinta. Ɗanta yana wurin aiki. A gabanta likita ya ce, "Malama, iska ta fita?" Na ce wace iska? Ya ce, "Tusa." Kamar mai tambayar ƙarfe nawa. Hajiya ta dubi silin. Ni ma.

Tun da aka kawo ni gidan ɗanta, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba.

Alhamis, 11 ga Mayu
Iskar ta taso. Na matse. Hajiya na dab da gado.

Juma'a, 12 ga Mayu
Ciki ya kumbura, ga tashin zuciya. Likita ya ce in babu labari zuwa yamma, za a zura mini roba ta hanci, zancen sallama kuma in manta da shi. Na san dalili sarai. Da digirina da komai na yi tsit.

Yana fita Hajiya ta miƙe. "Tashi, 'yar nan. Baranda." Ita ke jan sandar ƙarin ruwan. Can tsakiya ta mayar da ni hagunta. "Kin san kunnen nan nawa ya daɗe da mutuwa. Ko ganga ba na ji." Matar da ke jin an buɗe tukunya tana ƙuryar ɗaki.

Iskar ta fita. Ba ƙarama ba.

Hajiya ko gezau. Muka ɗan ƙara gaba, sai ta ɗaga murya: "Nas! A gaya wa likita an samu!"

Da ƙasa ta tsage, da na shige.

Asabar, 13 ga Mayu
An sallame ni. Hajiya ta haɗa mini shayi, ta tsaya a kaina. Sai da na shanye na tuna a gabanta nake.

Na ce ta ɗan zauna da mu. Saboda tattakin ne kawai.