Durorin Ɗakin Baya

Da sunan Allah. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina na nan daram, ƙafafu ne kawai suka daina jin maganata. Na fara da wannan ne don na san ku, da an karanta abin da bai yi muku daɗi ba za ku ce tsufa ne.

Tun kafin annobar da ta kulle mu a gida, mai shagon bakin titi ya taɓa tsare ni ya ce wai 'ya'yana suna kwashe abincin ɗakin baya suna sayarwa. Na yi masa dariya har sai da na dafa ƙofar shagonsa. Ni na haɗa durorin nan da waldata, ni na cika su da shinkafa da wake da masara, makulli kuma ɗaya ne, yana aljihuna. Duk sati nakan shiga in ƙwanƙwasa kowane duro da bayan yatsa. Cikakken duro yana amsawa ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya ƙoshi, haka kuma duk suke amsa mini. Na ce masa ya sayar da sabulunsa ya bar mini gidana.

1. Gida da shagon walda da injinan ciki, a kira masu sanin rabon gado su raba muku, kai Babba, ke Tela, da kai Auta. Ba ni na tsara rabon ba, ba kuma zan sa baki ba.

2. Ɗakin baya da durorinsa da tankin ruwa da makulli na bar wa matar Auta. Ba ta cikin masu gadona, saboda haka ina da ikon ba ta, kuma na tambaya an ce bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Kada wanda ya wahalar da ƙafarsa zuwa wajen alƙali.

Ina yaro na taɓa ganin an rufe kasuwa saboda cuta. Na ga mahaifina da kuɗi a aljihu yana zagaya unguwa babu abin saya. Abin da ya sa na gina ɗakin ke nan. Tela ta sa masa suna gidan tarihi, Babba ya ce kabarin shinkafa ne. Amma ranar da aka ce kowa ya zauna gida, duk nan kuka kwaso jakunkuna da 'ya'ya, kuna cewa ai Baba yana da ɗakin baya. Ni kuwa na shige gaba da makulli ina taƙama kamar ango.

Na tura kwano a duro na farko, bai nutse ba ya daki ƙarfe. Shinkafar ba ta wuce tsawon yatsa ba. Ƙarƙashinta faifan ƙarfe ne an liƙe shi tsaf, ƙarƙashin faifan kuma yashi. Na shafa waldar, lafiyayya ce, babu ko tsaga, kuma mutum ɗaya na koya wa irin wannan hannu. Babba, aikin ya yi kyau, wannan kam ban hana maka ba. Jarkokin kalanzir ruwa ne a ciki, Auta ne kuwa mai cika fitilun gidan tun yana yaro. Sai gwangwanin da na tara wa uwarku maganin hawan jini. Kwalayen na nan a jere, cikinsu ƙyallayen ɗinki.

A ranar na faɗi sunayenku, kuka ce ɓacin rai ne ya taɓa mini kai. Kuka haɗa baki kuka ɗora wa matar Auta, wai ita ce baƙuwa a gidan, ita ce ke share ƙofar ɗakin. Kuka daina amsa gaisuwarta, kuka ware mata kwano kamar ita ce mai cutar. Mijinta yana zaune yana kallon ƙasa. Ita kuwa ta tara tsofaffin tayoyi, ta cakuɗa yashinku da kashin kaji, ta shuka alayyafo da tumatir. Da su 'ya'yanku suka ga ganye a miya. Yashin dai bai tashi a banza ba.

Uwarku ba annobar ce ta ɗauke ta ba. Maganinta ne ya ƙare, kantin magani a rufe, wanda ke buɗe kuma babu irin nata. Kwana ya ƙare, na sani, ba na jayayya da Mai sama. Amma na san abin da na ajiye da inda ya tafi. Wadda kuke kira ɓarauniya ita ce take juya ta a gado tana wanke ta. Da aka buɗe hanya ta tattara kayanta ta koma gidan iyayenta, har yau kuma ba wanda ya bi sawunta.

3. Kafin a tashi daga zaman makokina, ku uku ku je gidan iyayenta da ƙafafunku. Ba aike, ba waya. A gaban mahaifinta kowa ya faɗi abin da ya ɗauka da bakinsa. In ta dawo, alheri ta yi muku. In ta ƙi, ɗakin nata ne duk da haka, ku riƙa sallama kafin ku wuce ta ƙofarsa. Auta, kai za ka fara magana, tunda kai ka fi kowa yin shiru.

4. A sake cika ɗakin, kowa ya kawo daga abin da yake samu. Hatsi, gishiri, man girki, sabulu, ashana, kalanzir, da maganin duk wanda ke shan magani kullum. A ci tsoho, a zuba sabo a baya. Tanki kada ya sauka ƙasa da rabi. Ɗakin da nake kwance a bar shi babu kowa, da bokitinsa da kofinsa, don ranar da wani zai kamu a ware shi ba tare da an wulaƙanta shi ba. Kada kuma wanda ya sake ƙwanƙwasa duro. A buɗe, a naɗe hannun riga, a zura hannu har ƙasa. Wanda yunwa ta kama ya zo da rana ya roƙa, za a auna masa. Ban taɓa hana wanda ya tambaye ni ba, ku ne ba ku tambaya ba.

5. Shinkafa da wake da kalanzir na yafe. Gwangwanin magani kuwa, Tela, ina ta ƙoƙari. In na kai ga yafewa kafin in tafi, za ki ji daga bakina.

Allah ya yi muku albarka duk da haka, ya ba ku 'ya'yan da ba za su iya walda a bayan idonku ba. Ku riƙe juna, ku riƙa cin abinci wuri ɗaya ko da ba ku da abin cewa. Cuta za ta sake zuwa, ko wannan ko wata, kuma ba ku da ƙofar da za ku buga sai ta junanku.

Kun daɗe kuna bincike a kan wanda ya kawo mini gulmarku, har kuna hararar maƙwabta. Ku huta. Mai shago ne ya fara, na ƙaryata shi. Mai gyaran keke na kusa da mu ya maimaita, na daina gaishe shi. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe, da sunan kowa da abin da ya ɗauka, ita ce take zare makullin daga aljihun rigata ta miƙa muku in na shiga wanka. Uwarku ce, a kan gadon da ta rasu.