Baba Ya Daina Bin Kifi

Alabama, 14 ga Maris, 1977

Zuwa ga yayana Delmar,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Glenda da yara. Allah ya tsare ka a wurin aikin bututun man nan, ya hana sanyin Alaska cinye maka sauran yatsu. Mu nan lafiya, sai godiya. Maigidana Royce yana nan da ciwon bayansa da mitarsa, 'yarmu Faye kuma ta shiga mawaƙan coci, ta hana kowa sakat da rera waƙa a kicin. Hoton da ka aiko ya iso. Gemun nan dai, don Allah ka aske shi, ka koma kamar wanda ya tsere daga kurkuku.

Yaya, ba don hira na zauna rubutu ba. Maganar Baba ce, kuma ka karanta har ƙarshe, kada ka yi mini halin naka na ninke takarda ka ce Ozella ta cika tsoro. Ka san duk tafkin nan babu mai kama kifin bas kamar Baba, ka kuma san dalili. Mutanen birni suna zuwa da jiragensu masu ƙyalli suna jefa ƙugiya da ka, shi kuwa ƙasan ruwan gonarsa ce. Shekara talatin yana huɗarta da alfadari kafin a gina dam ruwa ya shanye kwarin. Ya san inda shinge yake, da inda rijiya take, da inda tsohuwar hanya ta bi ta hau tudu. Sau nawa ya cika mana kunne da cewa lokacin sanyi babban-baki, wato bas ɗin, yakan kwanta a zurfi, wajen tushen gidanmu, da ruwa ya fara ɗumi kuma sai ya kama tsohuwar hanya ya haura bakin gaɓa don ya share gurbin ƙwai? Baba yakan bi shi a baya, mako bayan mako, har itacen dogwud ya yi farin fure. Shekara goma sha shida bai taɓa saɓawa ba.

To bana kifi ya tashi, Baba bai bi shi ba. Kawu Tillman ne ya fara lura. Ranar Lahadi bayan sujada ya shigo kicin yana ta juya hularsa a hannu, na zuba masa kofi ya bar shi ya huce, shi da ba ya barin ko ɗigo. Ya ce mako biyu ke nan kowa ya koma lungunan gaɓa, har 'yan birnin da ba su san hagunsu da damansu ba suna cika akwati, amma Baba yana can tsakiyar tafki shi kaɗai, daidai kan tsohon gidanmu. Wai ya matsa kusa ya tsokane shi, ya ce kai tsoho, ƙugiyar ce ta yi maka nauyi ko kifin ne suka sallame ka daga aiki? Da a da ne, ai ka san sai Baba ya rama da uku. Sai kawai ya ɗora yatsa a baki, ya ce Kawu ya kashe injin nan ya rage murya, Lurleen ta ɗan kwanta. Yaya, Mama fa yake nufi, wadda shekararta biyu a maƙabartar coci, can kan tudu. Da kafaɗarka ka ɗauki akwatinta.

Ban yarda ba sai da na gani da idona. Ranar Laraba da safe na ce zan raka shi, ya yi murna har da soya mini ƙwai. Da muka bar gaɓa bai miƙe ba. A tsakiyar ruwa, inda babu komai sai ruwa, ya rage gudu ya karya kwana, daga baya na gane kwanar gadar katako ce. Can gaba ya ɗaga hannu ya yi gaisuwa, daidai inda gidan su Pettus yake a da. Ya kewaya wani wuri a hankali, ya ce in sunkuyar da kai saboda reshen itacen pikan, ni kuma don wauta na sunkuyar. Da muka iso ya kashe inji, ya saki ƙarfen tsayar da jirgi, sannan ya kwance takalmansa ya jera su gefe guda, bakinsu na kallon waje, yadda Mama take sa shi yi a baranda. Na ce ya sa rigar ceto, ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce wane mahaukaci ne yake sa wannan a gidansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sandar fatsarsa. Babu ƙugiya a zaren, babu koto, darma ce kawai ya ɗaura. Ya zura ta har ƙasa, yana ɗagawa yana saki, yana ƙirgawa a hankali, wai ga matakala ta farko, ga ta biyu, ga wadda ta tsage. Sai ya miƙo mini sandar ya ce in ji. Na kuwa ji, Yaya. Na ji darma tana bugun dutsen da muke zama a kai muna ɓare wake. Na ɗago na ga yana leƙen ruwan, rabin jikinsa a waje, fuskarsa a sake yadda ban gan ta ba tun rasuwar Mama. Ya ce mini zurfin ƙafa ashirin da biyu ne kacal, in duba da kyau, ai babu nisa. Sau biyu ya faɗa. Na riƙe bel ɗin wandonsa ta baya har muka juyo, bai ma san na riƙe ba.

Kada ka ce ban yi komai ba. Na kai shi wurin likita, ya auna shi ya ce zuciyarsa ta fi ta Royce lafiya, tsufa ne, a dai sa masa ido. A gida kuwa garau yake, ya san kwanan wata, yana lallasa Royce a dara yana masa dariya. Sai ya hau ruwa abin yake zuwa. Royce ya ɗaure jirgin da sarƙa ya sa kwaɗo. Kwana uku Baba yana zaune a bakin gaɓa, ko burodin masara bai taɓa ba. Rana ta uku ya ce mini jirgin nan ba na Royce ba ne, ba nawa ba ne, Delmar ne ya saya masa, idan Delmar ya tsaya a gabansa ya ce ya bari zai bari. Ni da hannuna na buɗe kwaɗon, don na kasa kallon ubana yana ramewa a gabana. In laifi ne na ɗauka, amma tun ranar ban ƙara cin abinci da daɗi ba.

Yanzu Kawu Tillman ne yake binsa daga nesa, yana yi kamar kamun kifi yake, a wurin da yaro ma ya san babu kifi. Shi ma ranar ɗaya ga wata za a yi masa aikin ido, zai yi makonni bai hau ruwa ba. Dogwud ɗin bayan gida ya riga ya kumbura, bai fi kwana goma ya buɗe ba. Da ya buɗe, duk mai jirgi a garin nan zai dunƙule a lungunan gaɓa yana leƙen gurbin ƙwai, tsakiyar tafki kuma ba za ka ga ko mutum ɗaya ba. Tsoro nake ji, Yaya, na faɗa maka a fili. Kada ka aiko takarda, kada ka buga waya, ba zai saurari murya ba. Ka nemi izini a wurin aiki ka taho da kanka.

Ka gaishe mini da Glenda, ka ce na gode da zaren saƙa. Ka shafa mini kan Darrel da ƙaramar Opal. Royce da Faye suna gaisuwa, Kawu Tillman da Inna Vesta ma haka, fasto kuma ya ce yana sa ku cikin addu'a.

Ina shirin ninke takardar nan Baba ya shigo. Ya yi aski, ya taje kai, ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, yau Litinin. Ya tambaye ni ina Mama ta ajiye makullin tsohon gidan, baƙin ƙarfen nan. Yana cikin aljihun rigata tun Laraba, amma na dube shi na ce ban sani ba. Bai yi fushi ba. Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya ce kada in damu kaina, ai ba a taɓa kulle ƙofar baya ba.

Ka taho, Yaya.

Ƙanwarka mai jiranka,
Ozella