Hadda Ɗaya, Sa Hannu Goma Sha Ɗaya

Litinin, 9 ga Oktoba
An koma makaranta, kasuwa ta dawo. Baozi, curin fulawa mai haɗi a ciki da nake turarawa ina sayarwa, ya ƙare tun kafin bakwai, masu nama da masu kabeji duka, madarar waken suya ma ba ta yi saura ba. Ana rufe ƙofar makaranta karatun safe ya tashi ta bayan katanga, yara ɗari shida suna kwarara Turanci da murya ɗaya. Baba Pang mai taliya, da rumfarsa ke jikin tawa, ya ce kamar an sako agwagi a tafki.

Da yamma ƙanwata Qiaoyun ta kawo hadda. Dokar Malama Kuang ce: uba ko uwa su riƙe littafin, yaro ya kawo darasin da ka, a sa hannu a ƙasan shafi. Baba da Mama suna masana'anta a Dongguan, don haka ni ne uban, ni ne uwar. Ni da na ajiye jaka tun aji biyu na ƙaramar sakandare. Na riƙe littafi, na haɗe fuska, ta zubo kamar famfo, na sa hannu.

Laraba, 11 ga Oktoba
Mama ta kira. Ta ce in Turancin Qiaoyun bai kai rabin maki ba a jarrabawar tsakiyar zango, to bayan Sabuwar Shekara za ta taho da ita Dongguan ta zauna kan keken ɗinki kusa da ita, ba sai an wahala da neman babbar sakandare ba. Na ce yarinyar tana ƙoƙari, kullum ina sa hannu. Na faɗa har da alfahari.

Alhamis, 12 ga Oktoba
Wani abu dai. Shafin jiya rabi ne, na yau ya cika har ƙasa. Amma jiya da yau duka, na ɗora buta a wuta ta fara, tana rufe baki butar na fara fito.

Litinin, 16 ga Oktoba
Yau shafin hira ce ta mutum biyu, layuka gajeru, har da hoton kare. Na bi da yatsa ina ƙirga curin baƙaƙe, don ko ban iya karantawa ba ai ina ganin inda aka bar fili. Layin farko curi uku ne. Ita kuwa sai da ta jero kusan goma kafin ta ja numfashi. Kuma akwai inda take ɗaga murya kamar mai tambaya, sannan ta haɗiye yawu. Na san wurin nan. Tun watan jiya nake jin sa.

Hadda ɗaya take kawo mini kullum, 'yar banza! Dariya ta taso mini, na danne. Na ce biro ya ƙi, sai gobe.

Talata, 17 ga Oktoba
Na koma baya na ƙirga shafukan da na sa wa hannu. Goma sha ɗaya. Sa hannuna mai kyau, har da lanƙwasa a ƙarshe.

Alhamis, 19 ga Oktoba
Kwana biyu ke nan ina rage wuta in an fara karatun safe, in jingina da katanga. Ashe darasin da suke kwararawa da safe shi ne haddar yamma. Ma'anar ba tawa ba ce, amma kowane darasi da irin tafiyarsa, kamar waƙa. Na rubuta yadda farkon yake fita da rubutun yarenmu a bayan takardar buhun fulawa. Baba Pang ya leƙo ya karanta da ƙarfi, ya ce wannan ko maganin ciwon baya ne ko zagi. Tun daga nan "Farfesa" yake ce mini. "Farfesa, miƙo mini barkono."

Juma'a, 20 ga Oktoba
Ta fara zubowa na ɗaga hannu, na rera mata farkon darasin yau daga takardar buhu. Ta yi tsaye da baki buɗe. Sai dariya, har ta zauna a ƙasa, wai harshena kamar an ɗaure shi da igiya. Daga dariyar kuma sai hawaye.

Ta ce tun bara ta ɓata, ta ji kunyar tambaya, darasi na uku kaɗai ya zauna mata. Na ce to me ya hana ta faɗa mini.

"Yaya, kai ma ai ka bari. Ba ka mutu ba."

Na ce ban mutu ba, amma ƙarfe huɗu nake tashi kwaɓa fulawa. Na soya mata ƙwai da tumatir, ta cinye har da nawa.

Asabar, 21 ga Oktoba
Taron iyaye. Kowa kan kujerar ɗansa, gwiwoyina sun ƙi shiga ƙarƙashin tebur. Kakanni sun fi yawa, wata tsohuwa kusa da ni tana saƙa. Da aka tashi na tsaya na gaya wa Malama Kuang komai, har goma sha ɗayan. Na zaci za ta yi faɗa. Ta cire tabarau ta ce rabin ajin haka suke yi wa kakanninsu, ni ne na farko da ya kama da kunne. Na nuna mata takardar buhu, ta dafe kai. Ta ce kada in sake yarinyar ta ga wannan rubutun, da shi za ta riƙa furtawa har ta tsufa. Ta sa mini muryar darussan a waya, ta ce mu koma baya mu fara daga na huɗu.

Laraba, 25 ga Oktoba
Sabon tsari: waya ta faɗa, Qiaoyun ta maimaita, ni yatsa a kan layi. In ta tsallake curi na buga cokali a tebur. Ta ce na fi Malama mugunta. Yau cokali sau tara.

Litinin, 30 ga Oktoba
Sau huɗu.

Laraba, 1 ga Nuwamba
Ta yi fushi, ta ce kalmomi talatin a rana ba aikin mutum ba ne. Muka yanka kwalin madara ƙanana, Turanci a gaba, ma'ana a baya. Ina nuna mata ina naɗe baozi na gobe. Ɗaya ya faɗa cikin kabeji, sai da muka tona.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Jarrabawa. Baba Pang ya ba ta taliya da ƙwai biyu kyauta, ya ce in ta faɗi shi ma zai bi ta Dongguan, ya gaji da Farfesa. Na ƙona yatsa a murfin tukunya.

Talata, 14 ga Nuwamba
Sittin da bakwai cikin ɗari da ashirin. Ta fito da gudu tana kaɗa takardar, ta ture kwandon wani. Mama a waya ta yi ta tambaya ko na duba da kyau, ko sunanta ne a sama. Daga baya ta ce to, a bar ta ta gama shekarar ta zauna babbar jarrabawa. Na ji muryar Baba daga nesa yana cewa a saya mata rigar sanyi.

Qiaoyun ta ce yanzu sai a ajiye cokali. Na ce saura wata bakwai.

Lahadi, 19 ga Nuwamba
Mai sayen tsofaffin takardu ya tsaya shan madara, kekensa cike da littattafan da makaranta ta zubar. Na zaro na Turancin aji ɗaya, bangonsa a yage. Baba Pang ya ce na mene ne, na ce na kunna wuta.

Murhun gas ne da ni, ya kuwa sani. Ina shafi na tara.