Ƙananan Gurasa Biyu

Zuwa ga maigidana Safarali,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin Surgut can Rasha? Tarin nan ya sake ka kuwa? Inna tana gaishe ka. Zuhro lafiya lau, tana shan nono sosai.

Ranar Talata na gane abin da ya raba mu da jaririnmu Hasan, a bakin tanderu. Ka san Inna ba ta yin gashi sai ta yi wa kowane yaron gida 'yar ƙaramar gurasarsa, ko da jariri ne. Hannunta ya manta, ta yi biyu. Na kwaso su tare da manyan. Kafin in ƙetare tsakar gida ƙananan sun huce a tafina, manyan kuwa suna ƙona ni ta cikin ƙyalle. Wuta ɗaya, fitowa ɗaya. Sai na zauna a kan ƙanƙara.

Na je na tambayi Mohbegim ungozoma. Ta ce haka ne, ƙaramin abu kusan duk fata ne, cikin da zai riƙe ɗumi ɗan kaɗan ne. Shi ya sa 'yan raguna ke mutuwa a sanyin da uwarsu ke kwance tana tuƙa. Ta tuna mini Zuhro ta fi abokin tagwaicinta nauyi da rabin kilo.

A waya na ce maka kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, amma ban faɗa maka duka ba. Ranar da muka yi wa jariran wankan ruwan gishiri na al'ada, ni na ce ɗakin ya yi ɗumi. Da jikina na auna, jikin babbar mace mai riga uku. Na ajiye shi a tawul na juya wajen Zuhro, don ita ke tsala ihu, shi kuwa shiru. Na ɗauka haƙuri ne ya gado, irin naka.

Yanzu Zuhro a cikin rigata take wuni, fata da fata. Inna tana so a ɗaure ta a gadon lilon da aka raine ka a ciki, na ce sai ƙanƙara ta narke. Jiya ta dube ni ta ce, "Ke kaza, yaushe za ki ƙyanƙyashe mana ita?" Ta yi dariya, sannan ta juya tana share ido.

Ban san da wane ido za ka dube ni ba bayan wannan takarda. Ko da wanne ne, ka zo ka dube ni. Ba ka taɓa riƙe Hasan ba, ina so ka riƙe wannan tun tana ƙarama. Kwat ɗinka na rataye inda ka bar shi, ya daina ƙanshinka.

Allah Ya tsare mana kai, Ya dawo da kai lafiya. Har yau ba a kafa dutse a kabarin Hasan ba, mun bar maka.

Matarka,
Gulandom