Abin da na yanke a bayan rumbu

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Ɗiyata Ramla ta tafi Bakura tun da safe, ba ta dawo ba sai dab da magariba. Famfo shida ƙungiyar masu noman rani ke da su, kowanne da akwatin da ke sarrafa shi, kuma ita ta haɗa musu akwatunan. Duk lokacin da za a sake wa famfunan tsari sai ta bi su ɗaya-ɗaya, ta kwance, ta jona kwamfuta, ta ɗaure. Na shida yana can wajen Dakko, bakin daji. Kowa ya san halin da wajen ke ciki. Shinkafar da na dafa ta kama.

Laraba, 8 ga Janairu

Na tambaye ta ko dole sai ƙafarta ta taka can. Ta ce abin da take nema wa magani ke nan. Ta yi mani bayani a hankali, na rubuta a bayan littafin makarantarmu ta manya don kar ya ɓace mani.

A cikin kowane akwati akwai ɗan ƙaramin shiri da ke fara tashi idan an kunna, butloda suke ce masa. Shi ke karɓar sabon tsari. Yanzu ba ya karɓa sai an zo gabansa. Tana so ta koya masa karɓa ta wasu wayoyi biyu da aka murɗe tare, irin waɗanda sassan mota ke magana da juna da su. Wai kan-bas. In ya yiwu, a famfon farko na bakin gari za ta zauna ta aika wa sauran biyar.

Na ce Allah ya sa. Da ƙarfi na faɗa, har ta dube ni.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ta ja waya tsakar gida kamar shanya, ta zagaye rijiya sau uku, ta bi da ita bayan rumbu. Gwaji ne, ta jona akwatuna uku a jikin wayar. Ya yi aiki. Ta ci tuwo malmala biyu.

Juma'a, 10 ga Janairu

Ina shara bayan rumbu na ga ƙarshen wayoyin nan biyu an haɗe su da wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa, kusa da karan dawa. Ɗakin Saude maƙwabciyarmu haka ya ƙone, waya ta taɓa waya. Ramla tana barcin rana. Na sa almakashi na raba su, na naɗe kowacce da tsumma, na jefa abin cikin gwangwanin allura. Ban ga dalilin tashinta ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Abin ya daina tafiya. Saƙo ya kai rabi ya tsinke. Ta ce laifin rubutunta ne, ranar Juma'a da yamma ta ƙara wani abu. Tana sharewa tana sakewa.

Litinin, 13 ga Janairu

Haka dai.

Talata, 14 ga Janairu

Bappanta Muttaka ya biyo daga kasuwa. Bayan gaisuwa ya ce shugaban ƙungiya ya kira shi, za a fara dashe, famfuna na buƙatar sabon tsarin ba da ruwa kafin Lahadi. Ramla ta ce in bai gyaru ba Asabar za ta bi su da hannu, har na shida.

Da ya tafi na ce, waccan ƙwayar da ke ƙarshen waya, tana da wani amfani? Ba ta ɗago ba. Ta ce ita ke shanye saƙo idan ya kai ƙarshe, in babu ita sai ya dawo ya yi karo da na bayansa. “Da hannuna na sa ta, Inna, ba nan matsalar take ba.”

Na shiga madafi.

Laraba, 15 ga Janairu

Na yi wanki, na yi tankaɗe, na gyara ɗakin da na gyara jiya. Sai bayan azahar na ɗauko gwangwanin na ajiye mata a kan tabarma, na buɗe.

Ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta zaga bayan rumbu, ta dawo riƙe da tsummana biyu. Na shirya wa faɗa. Sai ta ce, “Kwana huɗu ina zagin kaina, ashe babban injiniya na cikin gida.” Ta yi dariya har da hawaye, ko kuma ba dariya ba ce duka. Na ce wuta na ji wa tsoro. Ta kama yatsana ta ɗora a kan bakin wayoyin biyu, suna kunne. Ban ji komai ba. Ta ce wutar da ke ciki ko ta tocila ta fi ta.

Ta ce ni na cire, ni zan riƙe a mayar. Na riƙe, ta narka dalma. Ta liƙa ƙwayar a wurinta. Fitilun akwatunan gwaji uku suka kama ɗaya bayan ɗaya.

Asabar, 18 ga Janairu

Sai da ta bi duka shidan, don a zuba musu sabon butlodan. Wannan karon dole, in ji ta, kuma shi ne na ƙarshe. Wannan ba ta gaya mani ba tun farko. Manoma huɗu suka raka ta. Ta dawo bayan la'asar.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ta aika tsari daga famfon farko. Na shida ya amsa. Kafin azahar tana gida.

Muttaka ya zo. Mutanen Maradun sun ji labari, suna so ta je ta duba nasu famfunan. Shi a ganinsa ya isa haka, ɗiya mace da yawon gonaki, in ce mata ta haƙura, ai ni za ta fi ji. Na ce masa nasu ma zuwa ɗaya ne, daga nan sai waya. Ya ce yaushe na san wannan. Na zuba masa fura.

Litinin za ta tafi. Na wanke mata takalmin roba.