Babu Hotona a Cinyarki, Umma

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Umma. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, 'yarki ce Bilkisu daga unguwarmu ta Obiagu a Enugu. Baba yana nan lafiya a shagon yadinsa, ƙannena Sadiya da Auwalu suna ta karatu. Ni ce dai raina a ɓace, kuma gaskiya da hannunki a ciki.

Malamarmu, wadda muke kira Madam, ta ba mu aiki: kowa ya haɗa bidiyo na minti uku a kan rayuwarsa, da hotunan gida, da muryarsa yana ba da labari. Makin zangon nan kusan duk a kansa yake. Ban yi wani dogon tunani ba na zaɓe ki.

Rubuta labarin bai ba ni wuya ba. Wajen tsara hotuna na maƙale. Na zazzage akwatin Baba kaf. Ga Sadiya a cinyarki, ga Auwalu a goye, har Mama Chidi maƙwabciyarmu tana da hoton da kika dafa kafaɗarta. Ni kuwa sau ɗaya tak muka fito tare, ranar sunan Auwalu. Ina can gefe, mai hoto ya yanke rabin fuskata, ke kuma kin kau da kai kina kallon bango kamar an ce ki duba fenti.

Na san dalili, ni ce 'yar fari. Da a Kano muke, da an yaye ni kaka za ta ɗauke ni ki huta da kunya. A Enugu babu kaka, sai ciki da falo, dole kika riƙe ni kina kunyata a ɗaki ɗaya. Ba ki taɓa kiran sunana ba. Ina zaune dab da ƙafarki za ki ce wa Sadiya, "Ce wa waccan ta zo ta ci abinci." Mama Chidi takan riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, dis one no be your pikin?" Wato wai ni ba 'yarki ba ce? Sai ki yi murmushi ki ci gaba da tankaɗe.

Duk wannan na saka a bidiyon gwaji, a zatona abin dariya ne. Umma, da aka haska shi a aji wallahi ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Ngozi da muke zama benci ɗaya ta rungume ni tana hawaye, wai ba ta san haka na sha wahala ba. Wani daga bencin baya ya tambaya ko matar uba ce ke. Madam kuwa cewa ta yi nawa ya fi na kowa taɓa zuciya, in ƙara masa kiɗa mai ban tausayi, in bar shi a labarin yarinyar da uwarta ba ta so. Har maki ta yi mini alkawari.

Na miƙe na ce ba haka ba ne, al'ada ce, kunya ce. Ta ce a bidiyo ba a gaya wa mutane, nuna musu ake yi. To me zan nuna?

Kin tuna yadda kike tura mini tsokar nama ƙarƙashin tuwo, ki shafe saman da mara, don kada a ce kin fifita ni? Na ce bari in ɗauki wannan. Na tuƙa tuwo, na binne nama, na saita waya. Da na kalla, tuwo ne kawai a kwano. Na sake, na tono naman a gaban kyamara, sai ya koma kamar tallar gidan abinci.

Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni fa? Ba ki taɓa goshina ba sai da kika tabbata idona a rufe yake. Wa zai ɗauki hoton wannan, tunda ni kaina da gangan na rufe idon? Haba Umma, komai naki a ɓoye! Kin bar ni da aji guda suna yi miki kallon muguwa, ba ni da shaida ko ɗaya.

Ɗaukar muryar ma wani tashin hankalin ne. In na fara, janaretan mai aski ya tashi. In ya mutu, lasifikar cocin bayanmu ta karɓa. Na shige cikin labule da bargo a kaina, ina zufa, waya ta ce wuri ya cika.

Jiya na kai ƙarshe. Dokar Madam ita ce kowa ya rufe da faɗin cikakken sunan wanda ya sadaukar wa aikin, da bakinsa. Na danna ɗauka, na ce, "Ga mahaifiyata," sai harshena ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na san sunan sarai, amma tunda nake ban taɓa furta shi ba, ko wata mai sunanki na haɗu da ita, "mai sunan Umma" nake cewa. Na zauna da waya a hannu, kunya ta rufe ni, alhali ni kaɗai ce a ɗakin. Ashe haka kike ji duk shekarun nan.

Ban goge wurin ba. Litinin zan miƙa shi babu kiɗan tausayi, da shirun nan a ƙarshe yadda ya fito. Kafin shirun na ƙara magana ɗaya: a gidanmu, wanda ya fi girma a zuciya ba a iya kiran sunansa. In Madam ta rage maki ta rage, amma ba da bakina za a ce ba ki so ni ba.

Allah Ya jiƙan ki, Umma, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. In Ya haɗa mu a can, ba sai kin kira ni ba, ki matsa mini wuri kawai kusa da ke.

'Yarki ta fari,
Bilkisu