Lissafin da Kowane Sashe Ya Ce Ba Nashi Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na fito da wagga magana bainar jama'a ne don na ƙwanƙwasa ƙofofin cikin gida duka, ba wanda ya amsa.

Ni malama ce a Sashen Lissafi, haifaffiyar Wurno. Lokacin da nake jinyar Innata da sankarar mama, gadonta na kusa da na wata baiwar Allah daga Rabah. Cutarsu ɗaya, maganinsu ɗaya. Waccan ta miƙe ta koma gida, Inna kuwa aka kai ta makwancinta. Na san kwana ne ya ƙare, amma sai da na tambayi likita mi ya bambanta su. Ya ce garkuwar jiki ce, ta wani kan yi yaƙi, ta wani kan gaji. Tun daga nan na karkata karatuna. Da lissafi nake kwatanta yadda ƙarin sankara ke girma da yadda sojojin jiki ke far masa, ko a gane lokacin da magani ya fi kamawa.

Koke-kokena ukku ne. Na farko, bara kwamitin ƙarin girma ya maido mini da ayyukana, wai likitanci ne ba lissafi ba. Na kai wa likitoci, suka ce ai lissafi ne. Bana ma haka aka yi. Da an ce aikin ba shi da kyau, da na gyara. Ba a karanta shi ba ne.

Na biyu, ɗalibar da ita kaɗai ta zaɓi wannan fanni, Nafisa, ɗiyar wani manomin albasa a Goronyo, an kira ta gefe aka ce bina ɓata lokaci ne. Ta zo ofis tana ba ni haƙuri, ta koma hannun wani malami. Ban ga laifinta ba.

Na ukku, na nemi a haɗa ni da likitoci mu zauna mu ƙara wa juna sani. Aka ba ni ɗaki, ba a gayyaci kowa ba. Mutum ɗaya ya leƙo, shi ma wani taro yake nema.

Ranka ya daɗe, akwai ranar da lissafin ya fito daidai bayan na daɗe ina fama. Na tashi da murna, na fito baranda, sai na rasa wanda zan gaya wa. Na koma na zauna. Idan na je gida, mahaifina Baffa kan tambaye ni, "Uwata, an gano maganin?" In ce masa tukuna. Abokan aiki na ƙasar waje sun yi mini tayin in koma can, na ƙi. Baffa ya tsufa, kuma matan da nake yi dominsu a nan suke.

Roƙona shi ne a kai ayyukana ga masanin da ya san lissafi ya kuma san cuta, ko daga wata jami'a ne. A ba ni izinin aiki da likitocinmu, kuma a daina tsorata ɗalibai. In kuwa jami'a ba ta buƙatar wannan aiki, a gaya mini baki da baki. Ko a'a ce, zan fi iya ɗaukarta da wannan shiru.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Dakta Rabi'atu,
Sashen Lissafi.